Ki Bar Musu Wuri

Gure, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Kawuna Barmo, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Ni lafiyata ƙalau, sai zazzaɓin kwana uku da na yi a ƙarshen damina, ya wuce. Na daina kiranka a salula tunda kunnen ya ƙi. Ni ina ɗaga murya, kai kana ta "Na'am? Na'am?", mu rabu ba wanda ya ji wani. Takarda ta fi mana. Zan ba direban Damagaram, shi kuma ya miƙa wa na Agadas.

Kawu, wata huɗu ke nan da aka turo ni nan na shugabanci ɗakin haihuwa. Ka yi murna ranar da na gaya maka, shi ya sa na daɗe ina jin nauyin rubuta maka gaskiya. Ba na jin daɗin wurin nan.

Mu uku ne a ɗakin. Akwai Habsu, tsohuwar ungozoma, shekararta ashirin da biyu a nan, ba ta yi karatun lakwal ba. Akwai Mardiya, ma'aikaciyar jinya, bara ta gama karatu, 'yar garin Gidigir ce. Sai ni. A samanmu akwai majar, shugaban asibitin, shi kuwa bai cika leƙo mu ba.

Da na zo na tarar ba a rubuta awo yadda ya kamata, ba a dafa kayan aiki a kan lokaci. Na gyara. Amma duk abin da na gyara, sai na juya baya ya koma yadda yake. Mardiya in ta ɗauki abin awon jini hannunta rawa yake yi. Makon jiya na karɓe shi a gaban mata, na ce mata in ba ta iya ba ta koma lakwal. Habsu kuwa sai ta zauna ta yi ta hira da Barbarci da masu ciki, layi yana tsaye. Na ce mata aikinta wanki da gyaran gado, ta bar mini maganar marasa lafiya. Yanzu komai ni nake yi da hannuna, don shi ne kawai na yarda da shi.

In na shigo suna magana, sai su yi shiru. Da rana su biyu suna cin abinci a ƙarƙashin itacen bedi, ni ina ci a buro, wato ofishina. In na tashi aiki sai na koma ɗakin da na kama, mai gidan tsohuwa ce, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ana ta girbin gero, gari ya cika da amalanke, kowa yana da inda za shi, ni ban san gidan kowa ba.

Kai da ka riƙe gareji da mutum talatin shekara da shekaru, gaya mini yadda ake sa mutane su yi aiki.

Ɗiyarka,
Hamsatu


Agadas, 29 ga Oktoba

Ɗiyata Hamsatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Gwiwa da sauƙi. Ido ne yanzu ya fara yi mini hazo, shi ya sa ba zan tsawaita ba, rubutun yana ba ni wahala. Allah ya ƙara sauƙin zazzaɓi, ki riƙa shiga gidan sauro.

Tun kina ƙarama, da mahaifinki ya rasu kika dawo hannuna, na san idonki ba ya barin kuskure ya wuce. Baiwa ce Allah ya ba ki. Amma na karanta takardar nan ban ga abu ɗaya da kika ce Habsu ko Mardiya sun iya ba. Shekara ashirin da biyu mata suna haihuwa a hannun tsohuwar nan kafin ki zo.

Shawarata gajeriya ce. Kin cika ɗakin nan ke kaɗai. Ki bar musu wuri.

Sauran magana sai ido ya washe. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Barmo


Gure, 17 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ido. Don Allah ka je a duba shi, kada ka tsaya sa kwalli. Ni jikina lafiya.

Takardarka ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na ce ko Kawu ma yana ganin ban dace da wurin ba. Na ajiye ta na ce ba zan amsa ba. Sai ga abin da ya faru ranar Litinin ta makon jiya.

An kawo wata mata daga wajen Alakos, sunanta Bintu, cikin fari, wata takwas. Ba ta jin Hausa sosai. Ina ɗakin ciki ina karɓar wata haihuwa, sai Mardiya ta yi mata awo. Jininta ya hau ƙwarai. Mardiya ta gani, ta sake aunawa, ta sake na uku, duk ɗaya. Ba ta rubuta ba, ba ta kira ni ba. Ta zaunar da ita a benci ta ce ta jira ni. Fiye da awa biyu tana zaune. Ina fitowa da azahar na ji ihu, Bintu ta faɗi ƙasa tana jijjiga. Na yi mata allurar da ta kamata, muka sa ta a mota zuwa babban asibiti. An ceto uwar. Jaririn bai zo da rai ba.

Da na dawo na kira Mardiya buro. Na ce, "Kin auna?"

Ta ce, "Na auna, Madam, sau uku."

"To me ya hana ki kira ni?"

Ta ce, "Na ɗauka ni ce ban iya ba. Na ce in na kira ki, kika sake aunawa kika ga ba haka ba, a gaban mutane..." Ba ta ƙarasa ba.

Habsu tana bakin ƙofa. Ban tambaye ta komai ba, ita ta yi magana. Ta ce, "Yarinyar ta gaya mini da Barbarci kanta yana sarawa, tana ganin walƙiya a idonta. Na san abin da ke nan. Amma an ce in bar maganar marasa lafiya."

Kawu, na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Mutum biyu sun sani, ina bayan ƙofa ɗaya da su, ba wadda ta iya ƙwanƙwasawa. Ban cire wa kowaccensu laifi ba, majar ma ya yi musu magana. Amma ni na san wanda ya rufe ƙofar nan.

Na je na duba Bintu kafin a sallame ta. Ta riƙe hannuna tana yi mini godiya, mijinta yana fassarawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai na ɗauko takardarka na sake karantawa. Ka yi gaskiya. Zan bar musu wurin. Na rubuta takardar neman canji zuwa Agadas, na ce kawuna da ya riƙe ni ya tsufa, ba kowa kusa da shi, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Majar ya sa hannu, ta tafi Damagaram. Ya ce amsa takan ɗauki wata biyu ko uku.

Ka sa a share mini ɗakina na da.

Hamsatu


Gure, 6 ga Janairu

Kawuna Barmo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mako bakwai ke nan ban ga takardarka ba. Duk ranar da motar Damagaram ta shigo sai na bi ta tasha, har masu shayi sun san ni. Na kira salularka, a kashe. In fushi kake yi da ni saboda abin da ya faru, ka rubuta ko layi ɗaya ne ka faɗa. Shirun ya fi faɗan ciwo. Nan sanyi ya sauka sosai, ina fatan kana rufa.

Bari na ba ka labari ko da ba za ka amsa ba, don ba ni da wanda zan ba.

Tunda na san tafiya zan yi, na ce kada wadda za ta gaje ni ta tarar da ɗakin yadda na tarar. Na sayi littafi zan rubuta mata komai. Da na zo kan ƙauyukan da mata ke zuwa daga ciki, sai na ga ban san komai ba. Dole na je wurin Habsu. Na same ta tana shanya zannuwa, na ce, "Inna Habsu, ina son ki taimake ni." Ban taɓa kiranta Inna ba. Ta dube ni ta ce, "Ni mai wanki?" Na ce, "Na yi kuskure da na faɗi haka. Ki yafe mini." Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce in dawo bayan la'asar.

Kawu, matar nan ta san kowane gida daga nan har Kelle. Ta san wadda uwarta ta rasu wurin haihuwa, ta san wadda mijinta ba zai bar ta ta kwana asibiti ba sai an bi ta wurin yayarsa. Hirar nan da nake cewa ɓata lokaci ce, a cikinta take jin wadda ke zubar da jini tana ɓoyewa. Kwana shida muna zama, littafin ya kusa cika, rabinsa bakinta ne.

Mardiya ta fi wuya. Bayan abin Bintu ta daina taɓa abin awo gaba ɗaya. Na ce mata mu yi wani abu: kullum da safe kafin mata su zo, ta auna ni, ni ma in auna ta. Ranar farko ta yi kuka. Ranar ta huɗu na ce ta auna wata mai ciki, ni kuma na sake aunawa a ɓoye bayan ta fita. Daidai da nawa. Na yi haka sau goma sha ɗaya, ba ta saɓa ba ko sau ɗaya. Ashe tun farko kunnenta ya fi nawa, tsayuwata a kanta ce ke sa hannunta rawa. Na gaya mata haka a gaban Habsu, tunda a gaban mutane na kunyata ta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne riƙe bakina. In na ga kuskure yanzu, in ba na gaggawa ba ne, sai na rubuta a tafin hannuna, in bari sai mun keɓe. Wata rana na koma gida hannuna duk biro. Mun kuma sa wata ƙa'ida: duk wadda ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta buga ƙofa, ko ina tsakiyar me. In ya zama ba komai, ba mai cewa uffan. Kowace safiya muna tsayawa minti goma, kowa ta faɗi abin da ta gani jiya. Ni nake fara faɗin nawa kuskuren, don in ban fara ba ba mai farawa.

Ranar Alhamis Mardiya ta buga mini ƙofa da ƙarfi har na firgita. Wata mata ce jininta ya hau. Mun kama shi da wuri, tana gida yanzu da 'yarta.

Ba su san na nemi canji ba. Na roƙi majar ya yi shiru. Har yanzu a buro nake cin abinci, ba su kira ni ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa.

Kawu, ka rubuto.

Hamsatu


Agadas, 25 ga Janairu

Ɗiyata Hamsatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan rubutun maƙwabcina Malam Abdullahi ne, ni nake faɗa yana rubutawa. An yi mini aikin yanar ido a farkon Disamba, idon hagu ya ɗan ba da wahala, aka hana ni karatu. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashina duk wannan lokaci. Ban so wani ya karanta mini sirrinki ba, na yi ta jira ido ya buɗe. Da na ga abin ya ja, jiya na ba Malam Abdullahi. Da ya kai inda kika ce kin nemi canji, na ce ya tsaya ya maimaita.

Hamsatu, ban ce ki tafi ba! Na ce ki bar musu wuri, wato ki matsa kaɗan su samu inda za su tsaya kusa da ke, su yi abin da suka iya. Gajartawar da na yi ce ta jawo, laifina ne. Allah ya ba Bintu haƙuri, ya ba ta mai albarka. Ba na fushi da ke, ban taɓa yi ba.

Kin tambaye ni yadda na riƙe mutum talatin. Ban ba ki amsa ba don ba ta da daɗi. Da tsoro na riƙe su. Motocinmu ba sa mutuwa a hanya, kowa yana yabona. Akwai wani makanike, Zubair, hannunsa ya fi nawa a kan injin, na sani, shi ya sa ban taɓa gaya masa ba. Wata rana ya ce mini a canza wani ƙarfe a babbar mota, na ce wa ya tambaye shi, a gaban yara. Daga ranar bai ƙara cewa komai ba, shekara tara. Ranar da na bar aiki aka yi ɗan taro, aka sha lemo, kowa ya koma bakin aikinsa. Yau shekara goma sha ɗaya, gida ɗaya ne a cikinsu ya taɓa aiko mini da gaisuwar Salla. Ina wuce garejin, in ga suna dariya, in san tafiyata ce ta ba su wannan dariyar. Tun da matata Hajara ta rasu, in ba Malam Abdullahi ba, sai in wuni ban yi magana da kowa ba.

Abin da na gane bayan na tsufa, ke kin fara shi kina da shekara talatin. Kin iya cewa "na yi kuskure" ga wadda ke ƙarƙashinki. Ni ban taɓa iyawa ba.

Game da canjin, ba zan ce miki komai ba, kada ki sake karanta ni a karkace. Ki duba da kanki. Abu ɗaya kawai: ki ɗauki kwanonki ki je ƙarƙashin bedin nan. Ba za su kira ki ba, ke ce babba, jira suke yi.

Kawunki,
Barmo


Gure, 11 ga Maris

Kawuna,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Na yi hamdala da jin labarin idon. Ka gaishe mini da Malam Abdullahi, ka ce na gode. Ni lafiya, sai zafi da ya fara.

Na yi dariya da kuka a tasha da na karanta takardarka. Wata uku ina ɗauke da magana a zuciya wadda ba ka faɗa ba.

Na ɗauki kwanon na je, kafin azumi. Habsu ta matsa mini a tabarma, ta ɗanɗana miyata ta ce gishiri ya yi yawa. Shi ke nan.

Amsar canjin ta zo ranar ashirin ga Fabrairu. An ba ni Agadas. Na riƙe takardar kwana biyar ban gaya wa kowa ba. Na yi ta tunaninka kai kaɗai a gidan nan. Ranar ta shida na faɗa musu a tsayuwar safe, na gaya musu tun yaushe na nema da dalilin.

Mardiya ta ce, "Saboda ni ne, Madam?"

Na ce, "Saboda ni ne."

Habsu ta ce, "Shugabanni bakwai na gani a ɗakin nan. Kowace sai ta fara gane hanya, sai ta tafi, mu koma farko da wata." Ta ɗauki bokitinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Bintu ta aiko. Ta ce in Allah ya sake ba ta ciki, nan za ta zo tun watan farko. Me zan ce mata?"

Na ce ta ba ni kwana biyu. Na yi istihara. Abin da muka fara bai yi ƙwari ba tukuna, Kawu. Ko makon jiya na ɗaga wa Mardiya murya a gaban wata mata, sai da na bi ta na ba ta haƙuri. Ni ma ban gama koyo ba, kuma a kan mutanen nan na fara. In na tafi yanzu, zan je Agadas in zama sabuwar Madam mai ido, su kuma su koma shiru.

Na rubuta na janye. Majar ya ce in sani, wanda ya mayar da canji ba a sake sauraronsa sai bayan shekara uku aƙalla. Na ce na ji.

Kawu, ka yafe mini. Na sa sunanka a takardar neman, na ce ba ka da kowa, ga shi kuma na bar ka. Salla ma ba zan zo ba, na karɓi gardin ranar, ni zan tsare ɗakin haihuwa, don Mardiya ta je Gidigir, bara ba ta je ba. Ba zan ce maka kaɗaici ya ƙare ba. In an sha ruwa kowa yana gidansa da nasa, ni ina ɗakina da kofin kunu, ina jin hayaniyar maƙwabta ta katanga. Amma da safe ina da inda ake jirana.

Wa yake dafa maka abin buɗa-baki? Ka gaya mini gaskiya.

Ɗiyarka,
Hamsatu


Agadas, 24 ga Maris

Hamsatu,

Wa alaikumus salam. Wannan da hannuna na rubuta, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Ina lafiya. Daga gidan Malam Abdullahi ake kawo mini kunu da ƙosai, kada ki damu.

Kin yi daidai. Ba abin yafewa.

Amma tunda kin ce in faɗi gaskiya, ga ta. Duk da abin da na sa aka rubuta miki, na kira mai shafe ya yi wa ɗakinki farar ƙasa, na sayi sabuwar tabarma da buta. Kullum in na ji mota ta tsaya a bakin layi sai in gyara zama. Da takardarki ta zo na karanta, na shiga ɗakin na zauna har aka kira la'asar. Sannan na tashi na yi alwala, na yi miki addu'a, ke da Habsu da Mardiya, kowa da sunanta.

Ɗakin yana nan. In kin samu hutu bayan damina, ko kwana uku ne, ki zo. In ba ki samu ba, ki rubuto, ki yi manyan baƙaƙe.

Barka da Salla tun yanzu, ɗiyata.

Kawunki,
Barmo